SHARHI: Takarda sai da takarda: Tarkon da baƙin Nijar ke faɗawa a Birnin Kebbi da Argungu

Da zarar ruwan damina ya ja baya daga fadamar Gulbin Kabi, aka fara jin ƙugin injinan ban-ruwa tun daga Augie har Argungu, aka gangara zuwa Birnin Kebbi, sai motocin da ke tasowa daga Kamba da Kangiwa da Bachaka su soma sauke wasu fasinjoji waɗanda duk kayansu bai wuce buhu ɗaya da tabarma ba. Matasa ne daga ƙauyukan jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, sun shigo ci-rani. Wasu su faɗa dashen shinkafa da yankanta, wasu su ɗauki kurar ruwa, wasu su kafa teburin shayi, wasu su kama gadi. Akasarinsu kan juya gida da faɗuwar ruwan farko. Amma kowace shekara akwai waɗanda ke zama: su kama hayar ɗaki, su ɗauko iyali ko su yi aure a nan, garin ya zama nasu.

Waɗannan da suka zauna su ne baƙin haure ko baƙin halal, gwargwadon takardar da ke aljihunsu. Shekaru ashirin da suka wuce bambancin bai cika damun kowa ba, domin mutum na iya rayuwa har ya tsufa a Argungu ba tare da an taɓa tambayar sa wata shaida da ta wuce ta mai unguwa ba. Yau layin waya, da asusun banki, da jarrabawar yaro, duk sun rataya a kan lamba, lambar kuma ta rataya a kan wata takarda, ita ma takardar tana jiran wata. Baƙon da ya fi kowa kusa da Kebbi ta jini da harshe shi ne ya fi kowa wahalar haɗa wannan sarƙa, kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS ta bar matsayinsa a kan sanarwar wucin-gadi.

Iyakar da ta ratsa tsakar gida

Kafin a fahimci matsalar takarda, sai an tuna yadda aka yi iyakar. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan jami'ansu suka bi ƙasa suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin da suka ja, mai tsawon kimanin kilomita 1,500 daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, ya raba ƙasar Arewa gida biyu: Kangiwa ta faɗo ɓangaren Ingila, Dogon Dutsi ta faɗa na Faransa. Haka ya yi wa Dandi, inda Kamba ta zo nan, Gaya ta tafi can. Garin Dole Kaina da ke bakin Kwara kuwa, iyakar ta bi ta cikinsa ne.

Kafin zuwan Turawa, Kabawa da Arawa da Zabarmawa abokan ɗaurin yaƙi ne. Tare suka tsaya wa Yakubu Nabame lokacin da ya ɗaga tutar Kabi a 1849, kuma zumuncin gidan sarautar Argungu da na Dosso ya samo asali tun daga wancan zamani. Masarautar Argungu ta yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Argungu da Augie da Arewa da Dandi, wato kusan duk gefen jihar da ke kallon Nijar. Saboda haka mutumin Dogon Dutsi da ya sauka a Argungu ba ya jin ya zo baƙuwar ƙasa. Yana jin Hausar, ya san tsagar fuskar, watakila ma gidan kawunsa ya nufa. Doka ce kaɗai ke kallon sa a matsayin ɗan ƙasar waje, kuma ita doka ba ta tambayar dangantaka.

Kwana 90, sannan me?

A ƙarƙashin yarjejeniyar zirga-zirga da shugabannin ECOWAS suka sanya wa hannu a Dakar a 1979, ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar na iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana ɗauke da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. Ƙarin yarjejeniyoyin 1986 da 1990 suka ba shi damar zama da ta kafa sana'a. Sai dai damar zaman ba ta zuwa da kanta. Wanda zai wuce kwana 90 dole ya je Hukumar Shige da Fice ya nemi katin zama na 'yan ECOWAS, ya nuna fasfo ko takardar tafiya ta ƙungiyar, da shaidar aikin da yake yi ko sana'arsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Ɗan ci-ranin da ya biyo hanyar babur ta cikin gonaki, kamar yadda ubansa da kakansa suka biyo da jaki, ba shi da hatimin shiga, don haka babu ranar da za a fara lissafa masa kwana 90. Wanda ya bi ta kan iyaka ta hukuma kuma, sau da yawa katin ɗan ƙasa na Nijar kawai yake da shi, in ma yana da shi. Mai gonar da ya ɗauke shi yankan shinkafa ba kamfani ba ne, ba shi da takarda mai tambari da zai rubuta cewa ya ɗauki nauyinsa. Tsarin an gina shi ne da injiniya ko ɗan kasuwa mai ofis a zuciya, alhali mafi yawan masu ƙetarowa ta wannan yanki leburori ne da masunta da makiyaya da matan aure.

A watan Yulin 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, wadda ta wajabta wa duk baƙon da ya kai shekara 18 kuma zai wuce kwana 90 ya yi rajista, tare da afuwar wata shida ga waɗanda ke zaune ba bisa ƙa'ida ba. Niyya ce mai kyau, amma lokacin bai taimaka ba: wata guda bayan haka, a Agustan 2019, gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, aka cika hanyoyi da shingayen jami'ai. Ko da aka buɗe wasu iyakoki a Disamban 2020, ta Kamba ba ta cikinsu, sai a Afrilun 2022. Baƙon da ke ganin ana kama buhunan shinkafa ana tsare mutane a hanya ba zai ɗauki ƙafarsa ya kai kansa ofishin masu kaki don ya ce ga shi ba.

Kowace takarda na jiran 'yar'uwarta

A ɗauki misalin matashi daga wani ƙauye na Dosso da ya yi shekara uku yana sayar da shayi a Birnin Kebbi, ya tara ɗan jari, yana son ya buɗe asusu. Banki zai nemi lambar BVN ko ta NIN. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN tana yi wa baƙo rajista, domin dokar da ta kafa ta a 2007 ta haɗa da ɗan ƙasar wajen da ke zaune bisa ƙa'ida shekara biyu ko fiye, amma sai ya nuna izinin zama. Izinin zama sai da fasfo ko takardar tafiya. Fasfon Nijar sai da takardar haihuwa da takardar shaidar zama ɗan ƙasa wadda kotu ke bayarwa. Idan ba a yi masa rajistar haihuwa yana jariri ba, kamar yadda yake ga ɗimbin 'ya'yan karkara a ɓangarorin iyakar biyu, sai ya koma kotun yankinsu da shaidu, alƙali ya yanke hukuncin da zai maye gurbin takardar haihuwar.

Wato kafin ya ajiye naira dubu hamsin a bankin da ke bakin titin da yake dafa shayi, sai ya rufe teburinsa, ya ƙetare iyaka, ya bi kotu da ofishin 'yan sanda, ya kashe kuɗin sefa da darajarsu ta yi wa naira nisa, sannan ya dawo ya fara layi a nan. Idan kuma ya ce zai nemi taimakon wakilan ƙasarsa, ofishin jakadancin Nijar na Abuja, ƙaramin ofishin kuma na Kano. Kowannensu tafiyar yini ce daga Birnin Kebbi, ban da kuɗin kwana da na abinci. Ga mutumin da cinsa na yau ke fitowa daga aikin yau, kowace rana a layi asara ce sau biyu.

Ko wanda ya jure ya haɗa takardun bai tsira ba, domin akwai tarkon rubutun suna. Magatakardan Nijar da ƙa'idar Faransanci yake rubutu, na Najeriya da ta Ingilishi ko ta Hausa. Ousmane ya zama Usman, Aboubacar ya zama Abubakar, Issoufou ya zama Yusuf, Mahamadou ya zama Muhammadu. A can suna biyu ake rubutawa galibi, na mutum da na mahaifinsa. A nan fom na neman sunan farko da na tsakiya da na iyali. Tsofaffin takardun ƙasashen renon Faransa da yawa ba su da rana da wata, sai dai su ce an haifi mutum wajajen shekara kaza, kwamfuta kuwa ba ta karɓar wajaje. Jami'in da ya rubuta sunan yadda ya ji shi a kunne bai yi nufin cuta ba, amma daga ranar NIN da BVN da fasfo sun daina magana da murya ɗaya, kuma gyaran harafi guda na iya cin kuɗi da makonni.

Ranar da rashin takarda ya fara ciwo

Matakai uku ne suka mayar da wannan matsala daga abin ban-haushi zuwa abin da ke taɓa tukunya. Na farko shi ne umarnin da gwamnati ta bayar a Disamban 2020 na haɗa kowane layin waya da lambar NIN, wanda aka yi ta ɗage wa'adinsa har zuwa 14 ga Satumban 2024. Baƙon ɗan gajeren lokaci na iya yin rajistar layi da fasfo, amma wanda ba shi da fasfo ba shi da NIN ya zama ba shi da hanyar mallakar layi da sunansa. Na biyu shi ne canjin takardun naira a farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa, mai gona ya ce wa lebura ya kawo lambar asusu. Na uku shi ne umarnin Babban Bankin Najeriya na Disamban 2023, wanda ya ce ko ƙananan asusu, irin waɗanda ake buɗewa ta waya, sai da BVN ko NIN.

Abin da ya biyo baya sananne ne a kowace tashar mota da kowace kasuwar shinkafa. Baƙo na amfani da layin da wani ya yi wa rajista. Ladan aikinsa na shiga asusun mai masaukinsa ko na mai POS, a cire masa bayan an zare kamasho. Idan amana ta riƙe, shi ke nan. Idan mai asusun ya rasu, ko ya ci amana, ko banki ya rufe asusun saboda wani dalili, babu takarda ɗaya da ke nuna kuɗin na baƙon ne, kuma ba zai kai ƙara ba, domin tambayar farko da za a yi masa ita ce wadda yake gudu.

Akwai abin lura a nan game da noman shinkafa, wanda Kebbi ke alfahari da shi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Banki a Nuwamban 2015, a Argungu kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a 2017. Bunƙasar da noman rani ya yi ta ƙara buƙatar hannaye a fadama, kuma wani ɓangare na hannayen daga ƙetaren iyaka yake zuwa. Amma duk wani tallafi ko bashi na hukuma ta asusu da lamba yake bi. Baƙon da ya yi shekara goma yana aron gona yana nomawa yana cikin noman, ba ya cikin lissafin.

Matsayi a kan sanarwa

Duk wannan wahala ta faru ne a lokacin da Nijar ke cikin ECOWAS. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kawo takunkumi da sake rufe iyaka, har sai da ƙungiyar ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin a watan Maris. Kafin nan, a 28 ga Janairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, ranar da ƙawancensu na AES ya fito da nasa fasfon.

Ɓangarorin biyu sun yi ƙoƙarin kwantar da hankalin jama'a. A Disamban 2024 ƙasashen AES suka ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga da zama a cikinsu ba tare da biza ba, bisa dokokin kowace ƙasa. ECOWAS ma, a ranar ficewar, ta nemi mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta daga hannun 'yan ƙasashen uku, su kuma bar musu damar zirga-zirga da zama da sana'a, har sai an ba da wani umarni. Kalmomin ƙarshen nan su ne abin dubawa. Haƙƙin da a da yake rubuce a yarjejeniya ya koma alfarma da ke cikin sanarwa, kuma abin da sanarwa ta bayar, sanarwa na iya karɓewa. Tattaunawar da shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray ya buɗe da ministocin AES a Bamako a Mayun 2025 ita ce za ta fayyace makomar, amma lebura a fadamar Argungu ba shi da kujera a can.

Idan har aka wayi gari an mayar da ɗan Nijar sahun sauran baƙi, takardar da za ta hau kansa ita ce katin CERPAC, wanda kuɗinsa ga ma'aikaci ya kai dala 2,000 ko fiye a shekara. Babu mai shayi ko mai kurar ruwan da zai iya wannan. Ga shi kuma tsarin shige da fice na Najeriya na ƙara tsauri: daga 1 ga Mayun 2025 ma'aikatar cikin gida a ƙarƙashin Olubunmi Tunji-Ojo ta shigo da biza ta intanet da katin shiga da fita na intanet, ta sanya tarar dala 15 a kowace rana ga wanda ya wuce wa'adi, bayan afuwar da ta ƙare a ƙarshen Satumba. An tsara waɗannan ne domin masu shigowa da biza, amma sun nuna inda aka dosa. A ɗaya ɓangaren, Nijar ta fitar da sabuwar doka a Janairun 2025 kan shiga da zaman baƙi, mai wajabta takardar tafiya da izinin zama tare da hukunci mai tsanani. Ɗan Kamba ko Bunza da ke kasuwanci a Gaya ko Dosso ko Yamai yana fuskantar irin tambayoyin da ɗan Dosso ke fuskanta a Birnin Kebbi. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba.

Inuwar Lakurawa

Ba za a yi adalci ba idan aka ce damuwar hukumomi ba ta da tushe. A Nuwamban 2024 hedikwatar tsaro ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta ƙarfinta da raunin haɗin gwiwar tsaron iyaka bayan juyin mulkin Nijar. A cikin watan ne suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera da ke ƙaramar hukumar Augie, maƙwabciyar Argungu. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Jama'ar da suka binne 'ya'yansu suna da haƙƙin su san wanda ya sauka a unguwarsu da abin da ya kawo shi.

Sai dai tsarin takardun da ake da shi ba ya amsa wannan tambaya. Ɗan bindiga ba ya bin layin rajista, kuma ba ya rasa layin waya, domin yana da kuɗin saye da ƙarfin ƙwace. Wanda tsaurin ke kamawa shi ne mai neman halal, wanda a shingen hanya ba shi da abin nunawa, sai ya zama ko dai abin zargi ko abin tatsa. Mafi muni, layukan aro da asusun aro da rashin takarda ke haifarwa su ne ainihin abin da ke ɓatar da sawu idan an zo bincike. Dokar haɗa layi da NIN an yi ta ne don a san mai kowane layi. Idan dubban mutane na kira da sunan wasu, dokar ta haifar da kishiyar abin da aka yi ta dominsa.

Gajeriyar hanya

Akwai wata ƙofa da kowa ya san da ita, ko da ba a cika faɗa ba. Zama baƙo na halal yana buƙatar fasfo da kati da tafiye-tafiye. Zama ɗan ƙasa na ƙarya yana buƙatar mutum ya ambaci sunan wani ƙauye na wannan gefen, ya samu wanda zai ce ya san mahaifinsa. Ga Ba'are ko Badandi ko Bazabarme, wanda harshensa da kamanninsa ba su bambanta da na ɗan Kangiwa ko Kamba ba, hanya ta biyu ta fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Gabanin zaɓen 2023, Hukumar Shige da Fice ta sanar da ƙwace katunan zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa sama da 6,000 daga hannun baƙi a jihohi daban-daban. Akan karanta irin wannan labari da idon siyasa kawai, a ce an shigo da baƙi su yi zaɓe. Wani ɓangare na bayanin ya fi haka sauƙi: katin zaɓe kyauta ne, banki na karɓar sa, jami'in hanya ma na karɓar sa.

Wannan hanya laifi ce, kuma tana da farashi. Wanda ya bi ta ya sa wuyansa a igiya, domin duk ranar da ya yi rigima da wani, asirin na iya tonuwa. Ita ma ƙasa ta yi asara, tunda rumbun bayananta ya gurɓata. Sannan zargin na komawa kan 'yan ƙasa na gaskiya da ke garuruwan iyaka, waɗanda akan sa su tabbatar da abin da ba a tambayar ɗan Jega ko Yawuri.

Mata da yara

Aure tsakanin ɓangarorin biyu abu ne na yau da kullum, amma tsarin mulkin 1999 bai yi wa ma'aurata awo da mudu ɗaya ba. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta rajista, bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Shi sai ya bi sashe na 27, mai neman zaman shekara 15 da wasu sharuɗɗa. Ko matar ma, damar a takarda take, domin neman na bi ta ma'aikatar cikin gida, kuma auren da aka ɗaura a zaure da goro da shaidu ba kasafai ake yi masa takarda ba. Idan mijin ya rasu ko aka rabu, mace na iya samun kanta da 'ya'ya biyar 'yan Najeriya, ita kuma ba ta da shaidar ko wace ƙasa.

Yaran da ɗaya daga iyayensu ko kakanninsu ɗan Najeriya ne, sashe na 25 ya ba su ɗan-ƙasanci tun daga haihuwa. Waɗanda iyayensu duka baƙi ne kuwa, haihuwa a Argungu ba ta mayar da su 'yan ƙasa ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na yi wa kowane jariri rajista ba tare da duba asalin iyaye ba, amma iyayen da ke tsoron ofis ba sa zuwa. Yaron zai shiga firamare lafiya, ya wuce sakandare, sai ranar da ya zo rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da NIN, ko ranar da aka nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sannan bashin takardar da ubansa bai biya ba ya faɗo kansa. A Nijar ma babu sunansa a kowane littafi. Ta haka ake samun mutumin da ƙasashe biyu ke iya cewa ba nasu ba ne.

Abin da za a iya yi

Tarihi ya nuna inda sakaci ke kaiwa. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda makonni kaɗan su bar ƙasar, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, cikinsu da 'yan Nijar masu yawa. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari ta maimaita. A lokutan biyu yarjejeniyar 1979 na nan da ranta, amma ba ta ceci wanda ba shi da katin zama ba. Shekarun da aka yi ana kawar da kai su ne suka tara mutanen da aka kora a mako biyu.

Gyaran ba ya buƙatar jiran ECOWAS da AES su sasanta duk rigimarsu. Najeriya da Nijar na da hukumar haɗin gwiwa tasu tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma a ziyarar da ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya kai wa takwaransa Bakary Yaou Sangaré a Afrilun 2025 an amince a farfaɗo da ita. A wannan teburi za a iya rubuta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da za ta tabbatar da haƙƙin zama ko da me ya faru a Bamako ko Abuja, a kuma amince da katin ɗan ƙasa a matsayin takardar da ta isa neman izinin zama ga mazauna yankunan iyaka, ba sai fasfo ba.

A cikin gida, abu uku na hannun hukumomi. Na ɗaya, a samar da kati mai araha na ɗan ci-rani da ƙaramin mai sana'a, wanda shaidar mai unguwa ko hakimi ko shugaban ƙungiyar sana'a za ta maye gurbin wasiƙar kamfani, kuma ya isa a ba mutum lambar NIN ta baƙo. Na biyu, rajistar ta je inda mutanen suke, ranar kasuwa a Kamba da Kangiwa da Argungu, jami'an shige da fice da na NIMC da na ƙidaya a rumfa ɗaya, tare da tabbacin cewa wanda ya kawo kansa ba za a tsare shi ba. Na uku, a ba jami'an rajista na jihohin iyaka ƙa'ida ɗaya: a kwafi suna harafi da harafi yadda yake a takardar asali, a kuma fitar da hanya guda ta rubuta ranar haihuwar wanda takardarsa ta ambaci shekara kawai.

Masarautun Gwandu da Argungu na da rawar takawa, domin tsohon tsarin sauke baƙo, inda mai masauki ke kai shi gaban mai unguwa ya tsaya masa, bai mutu ba. Abin da ya rasa shi ne hanyar da bayanin zai bi ya isa rumbun gwamnati. Gwamnatin Nasir Idris ba ta da iko kan shige da fice, amma tana da iko kan ƙananan hukumomi da asibitoci da makarantu, inda rajistar haihuwa ke farawa, kuma tana da bakin da za ta yi wa Abuja bayani.

Tun 1934 Argungu ke tara masunta a Matan Fada, kuma bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan gadon duniya a 2016 bai taɓa rasa mahalarta daga ƙetaren iyaka ba. Baƙon kwana huɗu ana tarbar sa da kiɗa. Na shekara goma, wanda ke dasa shinkafar da ake ci a garin, har yanzu yana karɓar ladan aikinsa da sunan wani, kuma noman rani na gaba zai kawo masa ƙannensa.